Oganik Kemistiri, Tura Ta Kai Bango

Ni da burina in karanta famasi, in san maganin da zan miƙa wa mara lafiya, ga ni a kwas ɗin oganik kemistiri, wato ilimin sinadarai masu kabon, ina zana zoben sinadarin benzin mai kusurwa 6 har ƙarfe 2 na dare! Ka haddace SN1, a tambaye ka SN2, wato hanyoyi biyu da sinadarai ke musayar sassa. Ka ba wa kabon hannu 5 maimakon 4, malam ya zabga jan biro. Kibiya ɗaya ta karkace a zanen haɗuwar sinadarai, amsar duk ta rushe, wannan wace irin azaba ce? Ga dokar Markovnikov ta inda haidurojin ke mannewa a jikin kabon, ga sunayen sinadarai masu tsawon layin gidan mai, ga warin sinadarin asiton na ɗakin gwaji da ya bi rigata har masallaci. In ka faɗi kuma, shekara guda cur? Haba jama'a!