Waken Madagaska a kantin 'yan Najeriya

A wani kantin kayan abincin Afirka a nan Rotadam ta ƙasar Holan, ledojin farin wake ne jere a kanta, kowace an rubuta Madagaska a bayanta. Masu sayen kuwa kusan duk 'yan Najeriya ne da 'yan Gana. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bin bayanta, amma ko tiya ɗaya tamu babu a wurin. Abin ya tsaya mini a rai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda fiya-fiyar da ake zuba masa don kada ƙwari su huda shi. Dokarsu ta ce ragowar maganin kada ta wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, sai aka riƙa samun wanda ya kai 4.6. Da farko haramcin na shekara ɗaya ne, daga baya aka yi ta tsawaita shi.

Bari in faɗa muku yadda kaya ke shiga nan, domin a gida ana ɗauka kwastan ne kawai. Kafin jirgi ya iso, mai karɓar kayan zai cike takardar shigowa a wani tsarin intanet da ake kira TRACES, aƙalla kwana ɗaya na aiki kafin saukarsu. Kwantena ba ta zuwa sito kai tsaye, sai ta bi ta wurin bincike na kan iyaka. A duba takardu, a duba ko lambar hatimin ƙofa ta yi daidai da abin da aka rubuta, sannan in kayan na cikin jerin waɗanda ake zargi, a ɗebi samfur daga buhuna daban-daban a kai ɗakin gwaji. Kuɗin gwajin da na zaman kwantena a tasha duk a wuyan ɗan kasuwa suke. In sakamako ya fito da matsala, ko a lalata kayan, ko a mayar da su inda suka fito, sannan a saka sanarwa a wani tsarin gargaɗi mai suna RASFF, ƙasashe 27 su gani. Sanarwar nan ita ce mugun abu. In ta taru a kan kaya ɗaya daga ƙasa ɗaya, sai a tsananta wa ƙasar gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi. Haka riɗinmu ya shiga jerin saboda ƙwayar salmonela, wadda galibi daga shanya a ƙasa take zuwa, inda kaji da ɓeraye da tsuntsaye ke bi ta kai. Kowane wata shida ake sake duba jerin.

Ko kaya sun tsallake tasha, talla ma da nata shingen. Dole leda ta ɗauki sunan kamfanin da ke da adireshi a cikin Tarayyar, da nauyi, da ranar ƙarewa, cikin harshen da mutanen ƙasar ke ji. Akwai abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane ƙyan jiki, gyaɗa da riɗi na ciki, dole a fito da sunansu ɓaro-ɓaro. Har girman harafi an ƙayyade, milimita 1.2. Mai zoɓo kuma ba shi da ikon rubuta cewa yana maganin hawan jini, ko da kakarsa ta rantse a kai. Abincin da Turawa ba su saba ci ba kafin 15 ga Mayun 1997 sai an nemar masa izini na musamman. Garin ɗiyan kuka sai a 2008 ya samu, acca sai a 2018. Kilishi kuwa kada ma a soma, ko a jakar hannu aka gan shi kwandon shara zai tafi.

Ban ce duk tsabta ce ke sa su haka ba. Akwai siyasa, kuma ba kaɗan ba. Gubar funfuna a gyaɗar ci, Amurka ta yarda da kashi 20 cikin biliyan, Turai ta ce 4. Cikin Ba'amurke da na Bature ai ɗaya ne. Ɗanyen koko na shiga ba haraji, amma in ka sarrafa shi ya zama man koko a Najeriya sai ka biya, alhali na Gana da Kodebuwa na wucewa kyauta, don su sun sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci da Tarayyar, Najeriya ta ƙi. Nijar kuwa, da yake tana cikin rukunin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kayanta na shiga ba haraji in ban da makamai. Wato buhu ɗaya, kuɗinsa ya danganta da ɓangaren iyakar da aka cike masa takarda.

To amma duk tsananin nan a rubuce yake. Ana sanar da shi tun da wuri, ana ba da wa'adi. Dokarsu ta hana sayen kayan gonar da aka sare daji aka yi, wadda ta shafi koko da roba, a 2023 aka kafa ta, kuma da 'yan kasuwa suka ce ba su shirya ba sai aka ɗaga ranar fara aiki da ita. Mu fa? A watan Agustan 2019 aka wayi gari an rufe iyakokin ƙasa, wata guda kacal bayan Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwancin bai-ɗaya ta Afirka a Yamai, kuma sai Disambar 2020 aka soma buɗewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake garƙame Jibiya da Illela da Maigatari, motocin albasa suka ruɓe a layi, sai Maris na 2024 aka buɗe. A Agustan 2025 Najeriya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya nan take, masu kwangila a hannu suka rasa ta cewa. Mai saye a Hambug ta Jamus ba ruwansa da dalilinka. Ka saɓa masa sau ɗaya, ya koma Indiya ko Habasha, kuma ba ya dawowa da wuri.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana ɗora wa manomi da ɗan Dawanau laifin waken nan. Eh, shi ya zuba maganin. Amma buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwari ta hana su iska ba tare da ɗigon magani ba, ya daɗe a kasuwa. Abin da ya rage shi ne hukuma ta tsaya: gwaji kafin lodi, lamba a kowane rukunin buhuna da za ta nuna kasuwar da aka tara shi, da takardar da Turawa za su yarda da sa hannun da ke kanta. Wannan ba aikin mai gona kadada biyu ba ne. Mutanen da ke tura mota guda ta kaya daga Kano zuwa Agadas a kan magana ta baki, a biya bayan wata uku ko sisi bai yi ciwon kai ba, ba su ne za a koya wa cika alkawari ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma sunan ne. Kayanmu na fita, sai dai su bi ta Kwatano ko Lome su iso nan da takardar wata ƙasa. Ba yau aka fara ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano, raƙuma suka ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saye ta a gaɓar Arewacin Afirka suka yi ta rufe littattafansu da ita, kuma har yau fatar Maroko suke kiranta.