Jaririn da ba ya kuka ba kullum ne haƙuri ba

Dan Allah iyaye mata da kakanni ku karanta wannan har ƙarshe. Ni yanzu in na ji ana yabon jariri wai "kai wannan yaro akwai haƙuri, daga barci sai barci, ko nono sai an tashe shi" wallahi gabana faɗuwa yake, don haka muka riƙa yabon 'yar yayata har ta kai wata biyar ba ta riƙe wuya, shawara ta daɗe ba ta sake ta ba, kashi sai ta kwana uku, cibiya ta ɓullo, harshe kamar ya fi bakin, mu kuma muna ta jiƙe-jiƙe, wata ma cewa ta yi 'yar ruwa ce.

Ashe ƙwayar tayrod ce, wadda ke gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, aka haifi yarinyar da ita ba ta aiki. Sinadarin da take fitarwa, tayroksin, da shi ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ciki har wajen shekara 3, shi ke sa jijiyoyi su yi rufin da saƙo zai riƙa gudu da sauri. Shi ya sa in aka liƙa wa irin yaran nan wayoyi a kai aka kunna musu sauti a kunne, wasunsu sai a ga amsar ƙwaƙwalwar tana makara. Kuma abin ba wani baƙo ba ne, kusan jariri 1 cikin 2000 zuwa 4000.

Abin da ke yaudarar mutane, ranar haihuwa lafiya lau za ki gan shi saboda ɗan sinadarin da ya samu daga jikin uwa. A Kebek ta Kanada tun 1974 suka fara ɗiban ɗigon jini a dunduniyar kowane jariri suna aunawa, in an gano kafin sati biyu sai a fara levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin, 'yar ƙwaya ce a murƙushe a ɗan ruwan nono kullum, yawancinsu su taso da basirarsu daidai da sa'anninsu. Eh, wasu da abin ya yi tsanani sukan ɗan samu matsalar ji ko mantuwa ko rashin natsuwa a aji, amma ina za a haɗa da wanda aka bari sai bayan wata shida.

Mu nan fa? Ragon suna da atamfar maijego ba ma wasa da su, amma awon TSH, wato awon jinin da ke gano wannan matsala ta tayrod, ko sunansa ba mu taɓa ji ba, a yawancin asibitocinmu ma sai ka nema da bakinka. A ganina tare da allurar BCG ya kamata a riƙa yinsa.

Ita dai yarinyar tana shan maganinta, ta shekara 6, tana aji ɗaya, magana ce har yanzu ba ta gama fita sosai ba.