Ƙannena masu rutin ɗin waya, ku tsaya ku ji kafin ku kai ta filashin

Assalamu alaikum. Ɗan yayata ne ya sa ni wannan dogon rubutun, kuma na san a cikinku akwai irinsa da yawa, shi yasa ban tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Yaron nan ya yi wa wayarsa rutin tun bara, wato ya buɗe wa kansa cikakken iko a kan tsarin Android ɗinta wanda kamfani ya kulle, wai don ya goge manhajojin kamfani da suka cika masa waje ya kuma samu kuɗin banza a cikin gem. Ana nan ana nan ranar aka aike shi cefane, ya tsaya gaban mai shago an riga an ƙulle masa kaya a leda, ya danna manhajar banki zai yi tiransifa ta buɗe ta rufe, ya sake dannawa ta rubuto masa cewa ba ta aiki a wayar da aka yi wa rutin. Mutane a bayansa suna jira, haka ya ajiye leda ya dawo gida da kunya. Da daddare bai tambayi kowa ba ya shiga saitin ya yi risetin ɗin wayar gaba ɗaya, hotuna suka tafi, lambobi suka tafi, har muryoyin da kakarsu Allah ya jiƙanta ta riƙa turo masa a WhatsApp duk suka tafi, ya sake sauke manhajar bankin ta sake gaya masa maganar jiya. Wallahi da ya zo min da safe idonsa ja ban san lokacin da na fara masa faɗa ba, daga baya kuma na tuna ai ni ma na yi irinta zamanin manhajojin rutin irin su KingRoot da Framaroot, lokacin da wayoyinmu memori ɗinsu bai taka kara ya karya ba kana sa manhaja biyar ta ce waje ya cika. Sai na sassauta.

Abin da nake so ya fara zama a kanku shi ne risetin baya cire rut. Ku ɗauki waya kamar gida ne mai ɗakuna, akwai ɗakin da kayanka suke, hotuna da saƙonni da manhajojin da ka sauke, akwai kuma ɗakin maigida inda asalin Android ɗin yake da wanda waya take tashi daga cikinsa. Risetin ɗakinka kawai yake sharewa. Shi kuma rut can ɗakin maigida ya shiga ya canza kwaɗo. Ko sau goma ka share naka ɗakin wancan kwaɗon yana nan yadda ka bar shi, iyaka dai manhajar rutin ɗin, Magisk ko SuperSU, ta ɓace daga fuskar waya ka ɗauka an gama, alhali abin yana ciki a kwance.

Kuma kar ku ga laifin banki. Asalin tsarin Android kowace manhaja an killace ta ne a nata wajen bata leƙa na wata, rut shi yake rushe wannan katangar, duk manhajar da ka danna wa izini sau ɗaya to tana iya karanta saƙon OTP ɗinka ta ga abin da ke cikin sauran. Google suna da abin da suke tantance waya da shi, da SafetyNet ne yanzu ya koma Play Integrity, da shi manhajoji da yawa suke tambaya ko an taɓa wayar. Na san wani zai ce ai akwai yadda ake ɓoye rut ɗin banki bazai gane ba. Eh akwai, yau ya yi aiki wani satin an yi afdet ya daina, ka koma neman wata dabarar a guruf ɗin Telegram wajen mutumin da baka san ko sunansa ba, kana sauke fayil ɗinsa kana bashi cikakken iko a wayar da BVN ɗinka da NIN da albashinka suke ciki. Tun wahalar takardar kuɗi ta farkon 2023 waya ta zama ita ce aljihun mutum, wa yake barin aljihunsa a buɗe a kasuwa saboda gem?

To idan ka yanke shawarar mayar da ita yadda ta fito daga kwali, dan Allah kar ka fara da kebul, fara da kwashe kayanka. Hotuna ka tura kwamfuta ko memori, lambobi ka tabbatar sun hau akawun ɗinka na Google, WhatsApp ka yi masa bakof ka tsaya ka ga ya kai ƙarshe da idonka, masu ajiye lissafin bashi a cikin waya ku kwafe shi a takarda. Sannan ka cire akawun ɗin Google daga wayar da hannunka, ko aƙalla ka tabbatar kana tune da imel ɗin da fasuwod ɗinsa, don tun Android 5.1 akwai makullin da ake ce wa FRP, bayan an goge waya sai ta ce sai ka sa akawun ɗin da yake kanta a da. Mu kuma yawancinmu a shagon da muka sayi waya aka buɗe mana imel ɗin, fasuwod ɗin ma wanda ya buɗe ya manta. Sai ka ga mutum da wayarsa ta halak yana yawo ana masa kallon wanda ya tsinto ta.

Hanya mai sauƙi ita ce ta cikin manhajar da aka yi rutin ɗin da ita. Idan Magisk ne akwai wajen Uninstall, ka zaɓi Complete Uninstall, zai yi ƙoƙarin mayar da asalin fayil ɗin da waya take tashi da shi ya goge kansa. Idan tsohuwar waya ce mai SuperSU a cikin saitin ɗinsa akwai Full unroot. Wani lokacin wannan ya wadatar. Amma in ka riga ka goge manhajojin kamfani, ko ka sa TWRP (manhajar rikobari da ba ta kamfani ba), ko ka ɗora wani rom daban, wato wani Android ɗin da ba na kamfani ba, to cire rut bazai dawo da abin da ka goge ba, sai filashin, wato a sake zuba mata sofwayar kamfani tun daga tushe.

A nan ne ake kashe waya, don haka a nan zan daɗe.

Fayil ɗin filashin ba a ɗaukarsa da sunan da aka rubuta a talla, da lambar model ake ɗauka, harafi da harafi. Waya biyu suna iya zama suna ɗaya kala ɗaya amma injin cikinsu daban, ɗaya MediaTek ɗaya Unisoc, ko wadda aka yi wa kasuwar Indiya da wadda aka kawo mana nan. Shiga About phone ka rubuta model da build number a takarda tun wayar tana da rai, ka danna *#06# ka rubuta IMEI ɗinka guda biyu, wato lambobin shaidar wayar, ka ajiye. Minti biyu ne amma ranar da abu ya lalace zaka gode wa Allah da ka yi.

Masu Tecno da Infinix da itel, yawancin naku MediaTek ne, da SP Flash Tool ake musu aiki da wani fayil da ake kira scatter. A cikin manhajar akwai zaɓi uku, Download Only da Firmware Upgrade da Format All + Download. Wannan na ukun ku guje shi kamar wuta. Shi ne abin da ya ƙarasa ɗan yayata, don bayan faɗan da na yi masa bai jira ni ba ya kai wa wani yaro mai laftof a bakin titi, yaron ya ce bari a wanke ta tas, ya danna Format All. Waya ta tashi lafiya lau kamar sabuwa, aka sa layi babu sabis, aka danna *#06# ta rubuto Invalid IMEI, a wajen wayfay kuma ga wani abu wai NVRAM WARNING. Wancan zaɓin yana share har ɗan wajen da lambar shaidar wayar da saitin sabis ɗinta suke, kuma wannan wajen baya cikin fayil ɗin da ka sauke, na wayarka ne ita kaɗai. Sai da aka kai ta wajen babban mai gyara da kwalinta da rasit aka ƙara kashe kuɗi kafin ta dawo tana kira. Haka kuma preloader, ɗan fayil ɗin da yake fara tayar da wayar, in baka da tabbacin fayil ɗin na wayarka ne ɗari bisa ɗari cire masa alamar, don in aka zuba wanda ba nata ba ko fitilar caji bazata kawo ba. Masu Unisoc naku fayil ɗin pac ne da tasa manhajar daban, kar wani ya ce zai gwada muku na MediaTek. Kuma ku tuna waɗannan wayoyin suna da Carlcare, in akwai ofishinsu a garinku ku fara tambaya can.

Masu Samsung ku kuma manhajar filashin ɗinku Odin ce, a kashe waya a shiga Download Mode, a jera fayil huɗu kowanne a gurbinsa, BL da AP da CP da CSC. Zaku ga CSC kala biyu a cikin fayil ɗin, HOME_CSC yana barin kayanka, CSC zalla yana gogewa, wanda yake son fita daga rut da gaske CSC zalla zai sa. Butloda shi ne abin da yake tayar da Android in an kunna waya, Samsung kuma basa yarda a koma baya a lambarsa, ita ce ta biyar in ka ƙirgo daga ƙarshen lambar sofwayar, in wayarka tana kan 5 ka kawo mai 3 Odin zai ƙi. Fayil ɗin nan kuma manya ne, a sababbin wayoyi gig biyar ko fiye, ka tanadi data da sabis mai kyau don wanda ya yanke a hanya aka haɗa shi da ƙarfi shi ma bala'i ne. Wayar ta kasance da caji fiye da rabi, laftof ɗin ma da batirinsa ba wanda yake mutuwa da an ɗauke wuta ba, kun dai san halin NEPA, kebul mai kyau ba na ɗari biyar mai motsi ba, kuma a kori yara daga wajen har sai ka ga PASS ya fito kore.

Bayan an gama filashin saura rufe butloda, in an buɗe shi lokacin yin rutin, kuma shi ne na ƙarshe, ba na farko ba, ba na tsakiya ba. Wancan rubutun da yake fito muku duk sanda kuka kunna waya, Orange State ko gargaɗin cewa an buɗe ta, bazai tafi ba sai an rufe, wasu manhajojin ma bazasu yarda da wayar ba sai an rufe. Amma in ka rufe alhali akwai sauran abin da ba na kamfani ba a ciki to ka kulle ƙofa ne da mukulli a ciki, waya zata ƙi tashi kuma ta ƙi karɓar gyara. Ka bari ta tashi tukuna, ka sa layi ka kira, ka gwada kyamara da wayfay, sannan ka rufe, ka sani kuma rufewar ma tana sake goge komai. Masu Redmi da Poco ku kula sosai, a ƙasan Mi Flash akwai clean all da clean all and lock, in wayar ta China ce aka ɗora mata sofwayar Global kuka rufe a haka ta tafi kenan. Idan komai ya tafi daidai shiga Play Store, saitin, About, a ƙasa zaka ga an rubuta Device is certified, wani lokacin yana ɗan ɗaukar lokaci kafin ya canza.

Akwai tabon da baya gogewa fa. Samsung suna da Knox, tsarin tsaronsu ne mai wani ɗan fis a cikin injin wayar, ranar da ka zuba mata abin da ba na kamfani ba yake ƙonewa, a Download Mode zaka ga ya tashi daga 0x0 ya koma 0x1. Babu filashin ɗin da yake dawo da shi sai dai a canza bod gaba ɗaya. Secure Folder da Samsung Wallet sun tafi kenan, garanti ma ka ɗauka ka yi sallama da shi. Duk wanda ya ce maka kawo dubu kaza ya mayar maka da shi 0x0 kuɗinka yake so.

Wannan ya kawo ni kan masu yin filashin don su sayar. Na ga yadda ake yi, a wanke waya a sa mata sabon gilas a kai kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko a ɗora a Facebook a rubuta ba'a taɓa buɗe ta ba. Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah, Manzon Allah SAW ya ce wanda ya ha'ince mu baya cikinmu. Ka faɗa masa an taɓa yi mata rutin an cire, in Knox ya ƙone ka faɗa, in ya rage maka dubu biyar ya rage, ya fi ya je gida ya gano ya riƙa ambatonka a sujada. Ku kuma ƙannena da kuka fara koyon gyara, wanda ya kawo muku waya a kulle ba kwali ba rasit bai san imel ɗin kanta ba yana sauri yana waige-waige a cire masa FRP, kun san yadda ƙwacen waya ya addabi unguwanninmu har ana rasa rai a kai, ku ce masa ba kwa yi.

Ɗan yayata dai wayarsa tana hannunsa yanzu, banki yana buɗewa, manhajojin kamfanin da ya tsana duk sun dawo, na nuna masa yadda zai shiga saitin ya danna Disable a kan waɗanda suka yarda su daina damunsa ba tare da rut ba. Muryoyin Hajiya kakarsu ne bamu samu ba, na tambayi mamansa ko akwai sauran a wayarta ta ce zata duba.