Lydia, ki matsa mana!

A ƙauyenmu kusa da Ringim, wasan bidiyon nan Skyrim sai a shagon gem, janareta na ƙugi, kuɗin awa na tafiya. A cikin wasan, sarkin garin Whiterun ne ya ba ni Lydia a matsayin mai tsarona bayan na kashe dodon farko. Ba zan ci haƙƙinta ba, ita ke ɗaukar mini kaya in jaka ta cika, ita ke shan sara ina harbin kibiya daga baya.

Amma ƙofa! Na shiga ɗan ɗaki buɗe akwati, ina juyowa ta tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa kamar jaki ya ƙi tafiya. Tun 2011 da wasan ya fito halinta ke nan. Ina ta ture ta, mai shago ya ce, "Malam, lokacinka ya cika fa." Ko adana inda na tsaya a wasan ban yi ba.