Yadda aka ɗauke ni duba-gari a Aboabo

Hoto guda daga sama ba ya isa a gane ƙuda mai shawagi, wannan da ke tsayawa cak a iska sanye da kayan ƙudan zuma. Danginsu na Syrphidae sun kai iri 6,000 a duniya, da yawansu kuma rawaya da baƙi ne. Hoto uku ake so: baya da fukafukai a buɗe, fuska, sai gefe inda ƙafar baya ta fito sosai. Neman na ukun ne ya durƙusar da ni bakin kwata a unguwar Aboabo ta ƙasar Gana, dab da teburin wata Hajiya mai waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake.

Ba sha'awar wari ta kai ni ba. Tsutsar Eristalinus, wato ƙuda mai shawagin da nake bi, a ruwan ƙazanta take girma, tana miƙo doguwar wutsiya sama tana shaƙar iska, don haka manyan ba sa nisa da wurin. Na matso da waya kamar taƙi ɗaya, na kauce kada inuwata ta faɗa masa, domin inuwa ce ke korarsa tun kafin motsi. Na taɓa gilashin daidai kan idonsa mai ɗigo-ɗigo, na riƙe numfashi.

"Malam, lafiya dai?" in ji Hajiya.

Kafin in ɗago, an rufe tukwane, yarinya ta fito da tsintsiya, mai kokon da ke gefe ta ja bokitinta bayan benci. Hajiya ta zuba waakye da taliya da ƙwai biyu ta miƙo mini, ta yi ƙasa da murya: "Kwatar nan ba tawa ba ce, ɗana. Daga can sama ruwan yake gangarowa."

Na ce, "Mma, ƙuda nake ɗauka." Nan ne hankalinta ya tashi gaba ɗaya.

Dole na buɗe hotunan na shiga bayani, mutane suka kewaye ni. Ƙudan zuma fukafukai huɗu gare shi, wannan biyu, amma ƙirga su a hoto wahala ne saboda na zuma haɗewa suke yi. Kai ake dubawa. Ƙahonnin mai shawagi gajeru ne, kowanne da siririn gashi ɗaya, na zuma kuwa dogaye ne masu lanƙwasa. Idanun nasa sun kusa cinye kan duka, kuma a yawancin iri, in sun haɗe a sama namiji ne, in akwai rata mace ce. Tabbacin yana cikin fiffike: wata jijiyar ƙarya da ta bi tsakiyarsa ba ta haɗe da sauran ba. Hoton gefe kuma shi ke tona irin su Syritta mai kumburarriyar cinya. Na rufe da cewa ko kama shi ka yi ba ya harbi.

Wani direban pragya, keken haya mai ƙafa uku, da ya iso a makare, wannan maganar ta ƙarshe kaɗai ya ji. Ya ce, "Ashe duk tsoron banza muke yi!" Ya kai hannu cikin kwanon sukarin mai koko ya damƙi ɗaya.

"Agyei!"

Ƙudan zuma ne na gaske. Na kankare ƙarin da gefen katin banki, aka ɗora masa ruwan leda mai sanyi, yatsan na kumbura yana kallona. Hajiya, da ta tabbatar ba ni da takardar sammaci, ta sa cokali ta kwashe ƙwan duka biyun, ta faɗi kuɗin sauran.

Da dare na ɗora hotunan a iNaturalist, shafin da masana ke tantance halittu daga hoto. Na gefe ya yi dishi-dishi, daidai lokacin da Hajiya ta yi magana ne. Masana suka tsaya a Eristalinus kawai, ba su kai ga takamaiman irinsa ba, wanda ba abin mamaki ba ne, don wasu irin sai an sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma ake rarrabewa. Hoton da ya fi fitowa tas shi ne na ƙudan zuman, Apis mellifera, kwance kan benci da dogayen ƙahonninsa. Direban ya sa na tura masa ta WhatsApp, wai zai nuna wa mai keken dalilin da kuɗin ranar bai cika ba.