Siminti Ba Maganin Tsohon Gida Ba Ne

Idan doka ta sanya wani gida cikin jerin kayan tarihi, abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne fuskarsa, wato ƙofar da aka sassaƙa da adon da ke jikin bango. A ganina darajar irin wannan gida ta fi ta'allaƙa da yadda aka gina shi, kuma ta nan ne masu gyara suka fi yin ɓarna, galibi da kyakkyawar niyya.

A dubi birnin Shibam na ƙasar Yaman, wanda UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, ta amince da shi a matsayin wurin tarihi na duniya a 1982. Gidajensa na tubalin ƙasa ne, masu hawa biyar zuwa sama, kuma maginan sun yi bangon da kauri daga ƙasa, suna rage shi yayin da gini ke tashi, domin nauyi ya sauka lafiya a kan tushe. Saman kuwa ana shafe shi da farar ƙasa saboda ruwan sama. Kowane ɓangare yana da aikinsa, shi ya sa ginin ya daɗe a tsaye.

Bangon ƙasa yana shan laima, yana kuma fitar da ita idan rana ta buɗe. Da zarar an yaɓe shi da siminti, laimar ta rasa mafita, sai ta taru a ciki tana cin bangon a ɓoye alhali waje yana sumul. Duk wanda ya ƙwanƙwasa irin wannan yaɓe ya ji yana amsawa kamar ganga, ya san ya rabu da jikin ginin, kuma in aka ɓamɓare shi ƙasa ce za ta zubo kamar gari. Abin yana ba ni takaici, domin kuɗin da aka kashe don ceto gidan shi ne ya gaggauta lalacewarsa.

Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin adanawa da gyaran gine-ginen tarihi, ta fayyace cewa ba a komawa ga dabarun zamani sai na gargajiya sun gaza. Saboda haka ya kamata hukumomin da ke kula da waɗannan gidaje su haramta taɓa bango kafin masani ya duba shi, su kuma ware kuɗi don koyar da matasan magina tsohuwar sana'ar, tare da share indararo da toshe tsaga kowace shekara kafin ruwa ya sauka.