Tun da aka rataya wa wani kati a wuya, kwangila ta zama sirri

Ba da kowa nake ba fa, amma akwai wani bawan Allah da a da in gwamnati ta ciwo bashin ko sisi sai ya hau Facebook yana kumfar baki, a fito da takardu! a nuna wa talaka abin da aka sa wa hannu! Har bidiyo yake yi cikin mota yana dukan sitiyari. To yanzu an ɗan jawo shi jikin kwamitin ayyuka na majalisa, an ba shi katin shiga yana yawo da shi a ƙirji, sai ga shi jiya cikin sanyin murya yana mana bayani wai irin waɗannan manyan yarjejeniyoyi akwai sirrin kasuwanci a ciki, ba kowa ne zai gane ba. Mu ne ba kowan ke nan.

Malam mun gane sarai. Bashin da za a yi shekara 20 ko 30 ana biya da harajin mutane, wanda zai biya ya tambayi kuɗin ruwa nawa ne, me aka jingina, in an kasa biya a kotun wace ƙasa za a yi shari'a, sai ka ce masa sirri? Sirrin wa?

Kai da bakinka ka sha ba mu labarin Kenya, ka manta ne? Jirgin ƙasan Mombasa zuwa Nairobi ya fara aiki 2017 da bashin bankin Exim na China, mutane suka yi ta neman takardun har kotu, sai a Nuwamban 2022 aka saki wasu daga ciki. Sannan aka zo maganar bai wa kamfanin Adani na Indiya filin jirgin saman Nairobi na shekara 30, ba majalisa ce ta tono ba, wani ne ya fallasa takardun a intanet, ma'aikatan filin suka shiga yajin aiki, ƙarshe shugaban Kenya Ruto ya soke a Nuwamban 2024. Ghana kuwa tun kundin tsarin mulkin 1992 suka rubuta a sashe na 181 cewa irin wannan ciniki da ƙasashen waje sai majalisa ta amince. Duk a bakinka muka fara ji, lokacin ba ka da ofis mai sanyi.

Abin da ya fi ban haushi ma shi ne wai an yi zaman kwamiti an gamsu. Zaman da aka rufe ƙofa aka kori 'yan jarida, aka raba wa mambobi taƙaitaccen bayani shafi biyu, aka ɗauki hoto ana murmushi, shi ke nan sa ido ya ƙare? Ko kai ɗin ka ga cikakkiyar yarjejeniyar? Ka rantse.

Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as, na ga tun safe ana ta goge tsofaffin rubuce-rubuce. Kar ka wahalar da yatsanka, bidiyon cikin motar nan yana wayata, har da wurin da ka ce duk wanda ya ɓoye kwangila akwai kasonsa a ciki.